Fuskar aro da mudun auna ta

Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Na girma ina jin wannan karin magana a bakin kakata a Tsafe, kuma na daɗe da yarda da ita, amma a yau da na haura shekara arba'in ina iya shaida cewa akwai mutanen da fuskarsu ba ta taɓa ba da labarin zuciyarsu daidai ba. Ni ɗaya ce daga cikinsu. Ban taɓa yin haka da nufin yaudarar kowa ba. Fuskar da dangi da abokan aiki suka san ni da ita, haɗa ta na yi da kaina, ƙyalle bayan ƙyalle, kamar yadda tela ke haɗa riga da ragowar yadi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin da na samu cewa masana sun ƙirƙiro hanyar auna irin wannan fuska, har an fassara ta zuwa harshen Sinanci, alhali mu a nan ko suna ba mu raɗa wa abin ba.

An haife ni a 1982. Gidanmu bai da nisa da babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta ratsa Tsafe ta nufi Gusau, kuma tun ina ƴar shekara biyar babu abin da ke faranta mini rai kamar in zauna bakin zaure ina haddace lambobin manyan motocin da ke wucewa. In aka kira ni cikin ƴan mata wurin gaɗa, sai tafi da guɗa su riƙa sukar kunnuwana kamar allura, in sulale in koma ɗakin kakata in lafe bayan gado. Ba na iya kallon idon mutum yana magana, domin in na kalli idon sai maganar ta ɓace mini. A garinmu kuwa wannan abin yabo ne ga ɗiya mace. Baƙi kan zo su gaishe da mahaifiyata, su gan ni durƙushe kaina a sunkuye, su ce, "Wagga ɗiya akwai kunya, Allah Shi yi mata albarka." Inna takan yi murmushi. Ni kuwa ban san abin da ake kira kunya ba a lokacin. Abin da na sani shi ne ƙasa ta fi fuskar mutum sauƙin kallo.

A makarantar kwana ta ƴan mata aka fara gane cewa akwai wani abu. Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara, wato 1996, ina aji biyu, kuma a shekarar ce aka laƙaba mini suna miskila. Sunkuyar da kai na yi wa yarinya amfani gaban manya, amma tsakanin sa'o'i dole a yi hira da raha da habaici, kuma nan ne nake faɗuwa. Wata ta taɓa ce mini, "Sannu da aiki," tana nufin na ɓata mata wanki, na amsa da "Yauwa, sannu," ɗaki duka ya fashe da dariya. Daga ranar na sayi ƙaramin littafin rubutu. A cikinsa nake rubuta abin da ake faɗa in an yi wa mutum rasuwa, da abin da ake faɗa in an yi haihuwa, da yawan gaisuwar da ta kamata kafin a shiga magana. Akwai wata yarinya ƴar Ƙaura Namoda da kowa ke so, sai na riƙa nazarin dariyarta, yadda take karkata kai ta rufe baki da gefen mayafi, in shiga banɗaki da ɗan madubi ina gwadawa. Har yau dariyarta nake yi.

A 2003 aka kai ni aure Bunguɗu, cikin babban gida mai sassa da yawa. Duk macen da ta zauna a irin wannan gida ta san cewa tsakar gida ba ta rabo da mutane. Da asuba za ki bi ɗaki-ɗaki ki gaida surukai, da hantsi a zauna surfe ana hira, da yamma a tafi barka ko gaisuwar mutuwa. Na yi duk wannan, kuma na yi shi da kyau, domin littafina na cikin kaina. Sai dai kowace gaisuwa lissafi ce a wurina: wa ya girmi wa, a ina zan durƙusa, yaushe zan yi murmushi, yaushe zan ce "Allah sarki". Abin da sauran mata ke yi kamar numfashi, ni ina yin sa kamar mai ɗauke da tulu cike a ka tana tafiya bisa duwatsu.

Tulun ya faɗi ranar sunan ɗana na fari. Tun safe gida ya cika, ga masu kiɗan ƙwarya, ga ƙamshin turare iri-iri, ga mata suna ta miƙo hannu su karɓi jariri. Na daure har la'asar. Daga nan sai harshena ya ɗaure, ina jin ana yi mini magana amma na kasa amsawa, jikina na rawa, na shige bayan ƙofa na toshe kunnuwa. Kwana uku ban iya haɗa jimla ba. Aka ce iska ce, aka kira malami ya yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi. Ban ga laifin kowa ba, domin da abin da suka sani suka taimake ni, kuma karatun Alƙur'ani cikin ɗaki shiru ya sanyaya mini rai ƙwarai. Amma abin ya ci gaba da dawowa bayan kowane babban biki, har surukata, Allah Ya jiƙanta, ta kira maigidana ta ce masa, "Matarka ba ta son mutane. In baƙi sun zo ta yi ta fara'a, in sun tafi ta rufe ɗaki. Wanne ne halinta na gaskiya?" Wannan tambaya ta kusa kashe aurena. Ni kaina ban san amsarta ba, kuma na shekara goma sha takwas ban sani ba.

Mun koma Gusau a 2012, inda nake koyar da lissafi. Amsar ta zo ta hanyar autana. Ya kai shekara huɗu bai haɗa magana ba, yana jera murafun kwalba a layi, in aka taɓa ɗaya ya yi ta ihu. A 2021 muka kai shi wurin wata likitar ƙwaƙwalwar yara a wata jiha, duk da halin da hanyoyinmu ke ciki. Bayan ta gama duba shi ta ce yana da otizim, lalurar da kafafen labarai na Hausa kan kira galahanga, ko da yake wannan kalma takan haɗa lalurori daban-daban da ba su da dangantaka da juna. Tana lissafo alamomin, ni kuma ina jin kamar tarihin ƙuruciyata take karantawa. Da ta ga na yi shiru sai ta ce, "Malama, ke fa, yaya kike ji in kin dawo daga biki?" Ban taɓa jin wani ya yi mini wannan tambaya ba. Na buɗe baki in ce lafiya lau, kamar yadda littafina ya tanada, sai hawaye suka riga ni.

Otizim bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma, wanda ke shafar yadda mutum ke hulɗa da jama'a, da yadda yake jin sauti da haske da taɓi, da yadda yake manne wa tsari ɗaya ko sha'awa ɗaya. Da shi ake haihuwar mutum, kuma da shi yake tsufa. Wani likita a Amurka mai suna Leo Kanner ne ya bayyana shi a 1943, bayan ya nazarci yara 11, takwas maza, uku mata. Tun daga nan aka ɗauke shi lalurar yara maza, aka daɗe ana cewa duk maza huɗu mace ɗaya ce, sai wani nazari na 2017 ya nuna cewa adadin ya fi kusa da uku da ɗaya, ma'ana akwai matan da idon likita ke tsallakewa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da shi. Waɗannan yara suna girma su zama manya. Ina suke shiga? Da yawansu suna nan cikinmu, a ofisoshi da kasuwanni da ɗakunan aure, sun ɓad da kama.

Masana sun bi hanya biyu wajen auna wannan ɓad-da-kama. Ta farko ita ce ta wani likita ɗan asalin Taiwan, Meng-Chuan Lai, da abokan aikinsa. A 2017 suka ɗauki manya 60 masu otizim, rabi maza rabi mata, suka gwada abin da mai lura ke gani daga waje da abin da mutumin ke ɗauke da shi a ciki. Tazarar da ke tsakanin biyun ita ce girman ɓoyon, kuma sun tarar ta fi faɗi a wurin mata. Hanya ta biyu ita ce a tambayi mutumin da kansa. Laura Hull da abokan aikinta a wata jami'a ta Landan sun fara sauraron manya 92 suna ba da labarin yadda suke ɓoye halinsu, sannan daga maganganunsu suka tsara takardar tambayoyi 25 da ake kira CAT-Q, wadda aka wallafa a 2019. Kowace tambaya ana ba ta maki daga 1 zuwa 7, jimla daga 25 zuwa 175. Tambayoyin sun kasu gida uku. Akwai dabarun cike giɓi, kamar haddace abin da za a faɗa da kwaikwayon wasu. Akwai lulluɓewa, wato sa ido a kan fuska da jiki don kada su tona asiri. Sai kuma sajewa, wato tilasta wa kai shiga jama'a ana jin kamar wasan kwaikwayo ake yi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda masu magana da Sinanci suka karɓi wannan ma'auni. A ƙasar Sin, sai a 1982, shekarar da aka haife ni, wani likita a birnin Nanjin mai suna Tao Guotai ya fara ba da rahoton yara masu wannan lalura. Har yau suna biyu suke kiranta da shi, ɗaya na nufin ciwon kaɗaici, ɗayan na nufin ciwon rufe kai. Al'ummarsu, kamar tamu, tana girmama na gaba, tana son a kare mutuncin gida, ba ta son yaro ya fita zakka. A irin wannan wuri, kowa yana ɗan danne halinsa don a zauna lafiya, saboda haka dole a tambaya: in mutum ya ce yana daidaita fuskarsa gaban mutane, lalura ce ke magana ko tarbiyya? Masana a Taiwan, ciki har da shi Lai, ba su tsaya ga fassara kawai ba. Sun gwada takardar a kan matasa masu otizim da marasa shi, da kuma iyayensu, suka fitar da sakamakon a 2023. Sun tarar cewa gida ukun nan sun koma biyu: cike giɓi da lulluɓewa sun haɗe wuri ɗaya, sajewa ta tsaya ita kaɗai. Duk matar da ta taɓa auno gero ta san cewa mudun wata kasuwa ba shi ne na wata ba, kuma mai hankali kan gwada mudu kafin ta biya kuɗi. Abin da suka yi ke nan.

Wani dare bayan yara sun yi barci, na zauna da wayata da alƙalami na soma juya tambayoyin zuwa Hausa don kaina. Wasu sun same ni kamar an leƙa littafina na makaranta, musamman masu magana a kan haddace zance da gwada fuska gaban madubi. Amma wasu sun ƙi zama. Akwai masu tambaya a kan haɗa ido da mutane, domin a Ingila wanda ba ya kallon idon abokin maganarsa ana zarginsa da rashin gaskiya, don haka mai otizim kan tilasta wa kansa kallo. A Tsafe kuwa, yarinyar da ta tsura wa babba ido ita ce mara kunya. Ni ban sha wahalar kallon idon surukata ba, al'ada ta yafe mini. Wahalata tana wurin kishiyoyin sauri da abokan wasa, inda ake son a kalli juna a yi barkwanci. Ma'aunin bai tambaye ni gaban wa nake ba.

Haka batun haddace zance. Bahaushe duka da haddatacciyar gaisuwa yake rayuwa: ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya muka ji da haƙuri. In aka tambayi mutanen Gusau ko suna da tsararrun kalmomin fara magana, kowa zai ce i, kuma ba za a gane komai ba. Bambancin yana ga abin da gaisuwar ke ci wa mutum. Maƙwabciyata takan gaisa da mutum ashirin ta dawo da ƙarfinta, ni in na yi haka sai na kwanta. Ga kuma kawaici da kara, da kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta nuna masa so a fili. Baƙon likita zai iya ganin wannan ya ce alamar lalura ce, alhali tarbiyya ce tsantsa. Ni kuma da nake da lalurar, wannan al'ada ta rufa mini asiri shekara da shekaru. Wani Bature masanin Hausa, Anthony Kirk-Greene, ya lissafa halayen mutumin kirki a wurin Bahaushe a wani rubutu da ya fito a 1974, kuma kunya da haƙuri da ladabi suna ciki. Mace mai otizim da ta iya ɓoyo za ta cika waɗannan uku ba tare da kowa ya san abin da take biya ba. Yabon da ake yi mata shi ne ke hana a gan ta.

Kada mai karatu ya ɗauka ina sukar kunya ne. Kunya ado ce, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanya ta cikin imani. Na ma yi imanin cewa da a Landan aka haife ni, da na fi shan wahala ina yarinya, domin can babu inuwar da mai shiru zai fake. Abin da nake cewa shi ne akwai kunyar da ke fitowa daga natsuwar zuciya, akwai kuma shirun da ke fitowa daga tsoro da gajiya, kuma daga waje kamarsu ɗaya. Nazarce-nazarce da dama sun danganta yawan ɓad-da-kama da damuwa da baƙin ciki mai tsanani, wani da aka yi a Birtaniya a 2018 ma ya danganta shi da tunanin kashe kai. Ni ban kai can ba, alhamdu lillahi, amma na san dararen da na kwana ina tambayar kaina ko ni munafuka ce, tunda abin da nake nunawa daban, abin da nake ji daban. Ga mace Musulma, babu tuhumar da ta fi wannan ciwo.

Ya kamata in faɗa a fili cewa wannan takarda ba ta tabbatar da cewa mutum na da otizim. Ɓoyo kawai take aunawa, kuma mai tsananin jin nauyin mutane ma zai iya samun maki mai yawa. Ni sai da na koma wurin likita sau da yawa, aka bi tarihina tun daga ƙuruciya, aka saurari mahaifiyata, kafin a ce mini komai. Don haka ba ina kiran kowa ya buɗe intanet ya yanke wa kansa hukunci ba ne.

Kirana ga masananmu ne. Muna da Jami'ar Tarayya ta Gusau, muna da kwalejin kimiyyar lafiya a Tsafe, muna da Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau, ga asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kware kusa da Sakkwato, ga sassan nazarin Hausa a jami'o'in Sakkwato da Kano da Zariya. Hausa na da masu magana da ita miliyoyi masu yawa daga nan har Maraɗi da Damagaram. Me zai hana likitan ƙwaƙwalwa da masanin harshe su zauna su yi mana abin da aka yi wa Sinanci? Su fara kamar yadda aka fara a Landan, da sauraron mutanen da abin ya shafa, da harshensu. Sannan su sa tambayoyin da suka dace da mu. Kwana nawa kike ɗauka kafin ki dawo daidai bayan biki? Kin fi sakewa gaban manya ko gaban sa'o'inki? Kina gane habaici da gatse, ko sai an fassara miki? Sau nawa aka ce miki miskila, ko mai girman kai, ko mai iska? Nijeriya ta sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019, da sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Janairun 2023, amma doka ba ta kare wanda ba a san da shi ba. Kowace ranar 2 ga Afrilu ana taron tunawa da masu otizim a duniya, kuma kusan kullum hotunan yara ake nunawa. Iyayen wasu daga cikin yaran nan suna zaune a kujerun baya, da fuskar aro.

Ga ƴan uwa kuma, abin da nake roƙo kaɗan ne. In kuna da ɗiya ko mata ko ƙane da ake yabo da shiru, amma kuna ganin yana rushewa bayan taro, ku tambaye shi yadda yake ji kafin ku raɗa masa suna. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Maigidana, da na karanta masa tambayoyin da na fassara, ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Maman Abba, ashe duk shekarun nan aiki kike yi muna zaton hutawa kike?" Yanzu in za mu Bunguɗu biki, mukan je da wuri mu gaida manya, in yi awa biyu cikin mata, shi kuma ya aiko yaro ya ce ana nemana. Ba wanda ya rasa komai, kuma rabona da ɗaurewar harshe an fi shekara uku.

A Sallar da ta wuce na je Tsafe gaida Inna. Muna zaune a kan tabarma, autana na gefe yana jera murafunsa, sai ta dube shi ta dube ni ta ce, "Ke ma haka kike yi da ƴaƴan tsamiya, mun ɗauka wasa ne." Na ce mata, "Inna, kin tuna ana cewa ina da kunya?" Ta ce, "Ina tunawa, kuma kina da ita. Amma da na san tsoro ne ya fi yawa, da ban tura ki wurin gaɗa ba." Na ce ta daina damuwa, ai ba ta sani ba. Muka ci gaba da zama, ba mai kallon idon wani, muna jin manyan motoci na wucewa zuwa Gusau. Allah Ya ba mu ikon gane nauyin da ƴan uwanmu ke ɗauke da shi, Ya sauƙaƙa wa duk mai fama, amin.